Sabulun Bukuru a Hannun Dabo Wanzami

A Unguwar Marke, wani ƙauye da ke tafiyar hantsi daga Tsanyawa, babu kan da Dabo Wanzami bai san tudu da kwarinsa ba. Wanzanci gadon gidansu ne. Kakansa ya aske kakannin mutanen garin, ubansa ya aske iyayensu, shi ma da ya kawo ƙarfi aka rataya masa zabira. Shi ke askin suna, shi ke cire belu, shi ke ƙaho da kaciya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, abin da ba a cika samu wajen wanzami ba. Hannunsa kuwa sanyi gare shi. Tsofaffi kan yi gyangyaɗi yana musu aski, sai ya taɓa kafaɗar mutum ya ce, "Baba, an gama."

Da ruwa kawai yake aiki. Ya jiƙa kai da tafin hannu, ya murza, ya goga aska a fata, shi ke nan. In gashi ya cika tauri ya ɗan shafa sabulun salo. Da kaka kowane gida ya aiko masa da damin gero ko na dawa. Gida ɗaya suke da ƙanensa Mati, gona ɗaya suke nomawa, matarsa Hure da matar Mati tukunya ɗaya suke ɗorawa. Ba su da dukiya, amma ba su taɓa kwana da yunwa ba.

Shekarar da yaƙin Jamus ya yi zafi, aka aiko daga sama cewa kowane dagaci ya kawo maza majiya ƙarfi, za a kai su haƙar kuza a ƙasar Jos, wata huɗu. Diban gwamna ake ce da abin. Unguwar Marke mutum takwas aka yanka mata. Dagacin garin, Lawan, ya zauna da fadawansa, suka tsallake gidajen masu ido da kwalli, suka tsinto bakwai daga gidajen da ba su da mai tsaya musu. Cikin bakwai ɗin har da Mati, wanda sati biyu ke nan da tashinsa daga ciwon shawara, idonsa ma bai gama washewa ba.

Dabo ya tafi zauren dagaci, ya tuɓe takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ƙanen nan nawa bai warke ba. Ko tulu ba ya iya ɗagawa."

Lawan yana tauna goro, bai ɗago ba. "Kana tausayinsa?"

"Ɗan'uwana ne, ranka ya daɗe."

"To, madalla. Dama saura mutum ɗaya nake nema. Sai ka bi shi ka riƙa kula da shi."

Fadawa suka yi dariya, wani ya ce, "An gaishe ka, mai raba gardama." Dabo ya fito yana jin kunnuwansa na ƙara.

Da ƙafa aka kora su zuwa Kano, aka loda su a taragon jirgi kamar buhunan gyaɗa, aka sauke su a wani sansani kusa da Bukuru. Sanyin wurin ba irin na gida ba ne, har cikin ƙashi yake shiga. Bukkokin ciyawa ne masu yoyo, ga ruwan sama ba dare ba rana. Tun asuba ake shiga rami, ruwa iya gwiwa, a cika kwano da laka a ɗora a ka a hau tudu. Sati uku Mati ya fara tari. Dabo ya riƙa ɗaukar kwanonsa da na ƙanensa, ya ba shi bargonsa, ya yi masa ƙaho a haƙarƙari. Duk a banza. A sati na bakwai Mati ya cika, ranar wata Laraba da azahar, lokacin Dabo na cikin rami. Sai da aka tashi daga aiki aka faɗa masa. Shi da mutum huɗu suka binne shi a bayan sansani, a jar ƙasa mai duwatsu, ba ko itacen da mutum zai shaida wurin da shi.

Ran Lahadi ba a aiki, sai Dabo ya riƙa yi wa leburori aski don kada zuciyarsa ta fashe. A nan helma, wato shugaban leburori, ya gan shi. Ya zamana mai yi wa Baturen wurin aski ya gudu, don haka aka kai Dabo gidan Bature. Leburori Jan Wuya suke kiran Baturen nan, ba wanda ya san sunansa na gaskiya. Kukunsa, wani mutumin Zariya mai suna Uwaisu, shi ya nuna wa Dabo yadda ake yi. Ya ɗauko wani ɗan akushin katako da sabulu a daskare a ciki, ya tsoma burushi a ruwan ɗumi, ya juya, ya juya, sai ga kumfa ta taso fara fat, mai kauri, ƙamshi ya cika baranda.

"Da wannan za ka shafe masa fuska," in ji Uwaisu. "Kada ka yi masa magana. In ka yanke shi, ni ban san ka ba."

Dabo bai taɓa jin aska ta yi tafiya haka ba. Kamar a kan ruwa take zamewa. Kowace safiya ya zo ya aske Jan Wuya, Bature na rufe da ido, ko sau ɗaya bai tambayi sunansa ba. Da wata huɗu suka cika, Uwaisu ya fito masa da abu biyu a tsumma: ɗan akushin nan da burushinsa, sabulun ya ɗan ci ƙasa, da wata kwalba mai faɗin baki cike da sabulu mai laushi kamar kindirmo.

"Ya ce a ba ka. An kawo masa sababbi daga Ikko."

Abin da Dabo ya komo da shi ke nan. Su takwas suka tafi, shida suka dawo.

Matar Mati ta yi takaba ta koma gidan iyayenta. Dagaci ya aiko da gaisuwa, ya ce kwana ne ya ƙare. Ranar Juma'ar farko kuma ya aiko a kira wanzami, kansa ya yi gashi. Dabo ya ɗauki zabira. Hure ta tare bakin ƙofa.

"Malam, zuwa za ka yi?"

"Zuwa zan yi."

"Mutumin da ya kashe maka ɗan'uwa?"

"Ubana ya aske ubansa. In ban je ba gobe mu kwana a wani gari. Matsa in wuce."

Ya je. Ya kuma ci gaba da zuwa kowace Juma'a har shekara goma. Ya riƙe kan Lawan a tafin hannunsa, ya bi da aska ta bayan kunne, ya gangaro maƙogwaro, yana ganin jijiya na harbawa a ƙarƙashin fata. Abin da ke zuciyarsa Allah kaɗai ya sani. Amma ko ƙwarzane bai taɓa yi masa ba.

Sabulun akushi ya jawo masa suna. Ba kowa yake shafa wa ba, sai ango ranar ɗaurin aure, ko angon ƙarni ranar suna. Daga ƙauyukan kewaye ake zuwa, a ce a kai mu wajen mai kumfar Bature. Samari su yi da'ira suna kallo, in an gama kowa ya sunkuyo ya shinshini kan ango. Dabo ya iya tattalinsa. In ya gama sai ya tsiyaye ruwan, ya bar akushin a buɗe a inuwa ya bushe, sannan ya rufe. A shekara ta uku ƙamshin ya gudu. A ta biyar sabulun ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, launinsa ya koma na ƙasa. Duk da haka in burushi ya taɓa shi kumfa na tashi, ba wanda ya taɓa kuka da shi. Shekara bakwai ya yi kafin burushi ya fara karce katako.

Kwalbar kuwa sau ɗaya ya buɗe ta, ran da ya dawo. Ya lakato da yatsa ya nuna wa Hure, suka shinshina, ya rufe, ya naɗe ta a fata ya sa a gindin wata tsohuwar randa a ƙuryar ɗaki. Bazara ta zo da zafinta, damina ta zo da raɓarta, tana nan. Hure ta sha yi masa magana.

"Ka yi aiki da abin nan ko ka sayar. Abu mai maiƙo ba ya ajiyuwa. Ko man shanu in ya daɗe juyawa yake yi."

"Wannan ba man shanu ba ne, kayan Bature ne. Kin ga na akushi ya yi wani abu?"

"To, ajiyar me kake yi?"

"Akwai ranarsa."

Shi kansa bai san wace rana ba ce. Abin da ya sani kawai, in kwalbar nan ta ƙare, babu sauran abin da zai nuna ya ce ga abin da wata huɗun nan suka bar masa.

A shekara ta goma, farkon damina, aka aiko cewa Di'o, Baturen mulki, zai zo rangadi tare da hakimi, kuma a Unguwar Marke za su yada zango. Garin ya ɗauki shara da yaɓe. Ana gobe za su iso, da hantsi, Lawan ya kira Dabo. Yana zaune a kan buzu, fadawa kewaye da shi, sabon rawani na ninke a gefe.

"An ce kana da wani sabulun Bature da ka ɓoye, wanda ya fi na angwaye."

"Akwai, ranka ya daɗe, amma ya daɗe a ajiye."

"Je ka ɗauko. Gobe in na durƙusa gaban Bature, ina so ya ji ƙamshin garinsu."

Dabo ya je ya ɗauko. Murfin ya cije, sai da ya sa tsumma ya murɗa da ƙarfi. Ya buɗe ya leƙa ciki. Farin nan ya koma ruwan ɗorawa, wani mai ya taso ya kwanta a sama, gefen kwalbar ya yi baƙi-baƙi. Warin da ya bugo shi irin na tsohuwar ƙwaryar man shanu ne da aka manta ba a wanke ba.

"Ranka ya daɗe, abin nan ya juya. Bari in yi maka da ruwa kamar kullum."

Wani bafade ya ce, "Ji rowa! Ya shafa wa 'ya'yan talakawa, ya zo kan mai gari ya ce ya juya."

Lawan ya miƙo hannu, ya karɓi kwalbar, ya shinshina, ya yamutsa fuska. Amma mutane na kallonsa. Ya ce, "Haka ƙamshinsu yake. Kai baƙauye ne. Kayan Bature ba ya lalacewa. Shafa."

Dabo ya sake buɗe baki, Lawan ya daka masa tsawa. Sai ya sa tsinke ya gauraya man da sabulun, ya tsoma burushi. Kumfar ba ta tashi sosai ba, ta yi yauƙi. Ya shafe kan da ita da gefen fuska, ya aske tas, ya wanke da ruwa har sau uku.

Kafin la'asar kan dagaci ya fara ƙaiƙayi. Ya sosa, ya sosa har ya yi jini. Wayewar gari kan ya kumbura, ƙuraje sun feso har wuya, idanu sun shige ciki kamar wanda zuma ta harba. Rawani ya ƙi zama. Da baƙi suka iso, ƙanensa aka tura ya tarye su, shi yana kwance a ɗaki ana yi masa fifita. Hakimi ya shiga ya duba shi, ya fito yana girgiza kai. Kafin baƙi su tashi labari ya gama gari: wanzami ya yi wa mai gari sammu, ya rama jinin ƙanensa.

Dogarai biyu suka same shi a gona yana shuka. Ba su bari ya shiga gida ba. Suka ɗaure shi da igiya a ƙugu, suka tasa shi gaba zuwa wajen alƙali a Tsanyawa. Ranar kasuwar Tsanyawa ce, ta tsakiyarta aka bi da shi. Ya ga mutanen da ya yi wa askin suna, yanzu sun zama magidanta, suna kau da kai. A hanya dogaran suka yi ta zabga masa bulala wai ya faɗi bokan da ya haɗa masa.

A gaban alƙali shaidu ba su yi wuya ba. Wani ya ce tun da Dabo ya dawo daga Jos ba a ga haƙorinsa ba. Wani ya ce ya taɓa jin Hure tana Allah ya isa a bakin rijiya. Bafaden nan da ya kira shi marowaci ya rantse cewa Dabo ne ya kawo kwalbar da kansa, ya yi ta roƙo a bari ya shafa.

Alƙali ya dubi Dabo. "Kana riƙe da shi a zuciya?"

"Allah ya gafarta Malam, ina riƙe da shi. Amma shekara goma askata na kan maƙogwaronsa. Da kisa nake so, ba sai na nemi sabulu ba."

Maganar nan ta gaskiya ita ta ƙara tsunduma shi. Alƙali ya ce a tsare shi har a sami wanda ya san kayan Turawa ya duba kwalbar. Aka kai shi kurkuku, aka ajiye kwalbar a kan wani kanta aka manta da ita. Kan dagaci kwana tara ya warke, ya yi sumul. Dabo kuwa wata uku ya yi a tsare. Hure ta riƙa tako ƙafa duk bayan kwana uku da ƙunshin dambu, wani lokacin a ba shi, wani lokacin masu gadi su cinye. Gonar da ya bari rabi a shuke ciyawa ta cinye ta, don ba wanda ya yarda a gan shi yana noma gonar mai sammu.

Sai da gero ya fara fitar da kai wani malamin asibiti, Malam Iliyasu, ya zo zagayen allurar rigakafi, alƙali ya tuna. Aka fito da Dabo, aka kawo kwalbar. Malam Iliyasu ya buɗe, ya kau da hanci, ya karanta rubutun da ke jikinta, ya lakato kaɗan ya shafa a cikin hannunsa. Aka zauna. Kafin a yi sallar azahar wurin ya yi ja, yana sosawa.

"Allah ya gafarta Malam, babu sammu a nan. Ruɓa ce kawai. Sabulun aski ne mai laushi, mai da ruwa ne a cikinsa. Irin wannan in an buɗe an sa yatsa, shekara ɗaya ko biyu ya tashi daga aiki, balle a zafin ƙasarmu. Mai tauri shi ne ke daɗewa, in dai ana barinsa ya bushe." Ya juyo wajen Dabo. "Shekararsa nawa a wurinka?"

"Goma."

Malam Iliyasu ya yi salati. "Ba wanda ya faɗa maka?"

"Wa zai faɗa mini? Wanda ya ba ni ko sunana bai sani ba."

Alƙali ya ce a sake shi, ya ja masa kunne kada ya ƙara taɓa abin da bai sani ba. Bafaden da ya yi rantsuwar ƙarya ba a ce masa kanzil ba.

Dabo ya koma gida yana zaton tunda gaskiya ta fito, shi ke nan. Ashe wankin alƙali bai kai Unguwar Marke ba. Dagaci ya riga ya ɗauko wani wanzami daga wani ƙauye ya ba shi gida. Aka yi haihuwa a maƙwabta, katanga ɗaya, Dabo na jin guɗa, ya wasa askarsa tun daren suna bai yi ba. Da safe ya ga baƙon wanzami ya shige da zabira. Ya yi sati yana zama a gindin marken da ya saba zama, mutane su yi masa sallama daga nesa su wuce da gashi buzu-buzu. Rannan ya tare wani dattijo da ya shekara talatin yana aske wa.

"Baba, ko ka ji abin da alƙali ya ce?"

Tsohon ya ce, "Na ji, Dabo. Ni ban ce ka yi ba. Amma wuya ɗaya gare ni. Kuma mai gari na ganin wanda ya zauna a gabanka."

Da kaka ta yi, dami ko ɗaya bai shigo gidan ba, nasu rumbun kuwa babu komai. Hure ta kama suyar ƙuli-ƙuli, da shi suka ci shekarar. Dabo ya fara tafiya kasuwar Shanono, inda ba a san shi ba, yana yi wa Fulani baƙi aski a bakin kara, inda ake cinikin shanu. Ya ɗan samu na wata biyar. Sai wani mai awo daga garinsu ya gan shi, ya raɗa wa na kusa da shi, kafin kasuwa biyu nan ma aka daina zama.

Sau ɗaya suka yi kiciɓis da Lawan a kan hanyar masallaci. Dabo ya tuɓe takalmi ya durƙusa kamar yadda aka saba. Lawan ya tsaya, ya dube shi, ya ce, "To, wanzami, Allah ya kiyaye gaba. Na yafe maka."

Dabo ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Ya dawo gida ya kwanta, yini guda bai ci abinci ba.

Daga nan ya koma noma kaɗai, amma bulalar dogarai da kwanan ƙasa sun taɓa masa baya, ba ya iya daɗewa a sunkuye. Hannun nan mai sanyi ya fara rawa. Kansa ma Hure ke rage masa gashi da almakashi, don ya ce ba zai zauna gaban baƙon wanzami ba. Ya ƙara shekara biyar a haka, ya rasu da damina, saura shekara biyu Turawa su tafi. Jana'izarsa ta yi mutane. Duk wanda ya guje shi ya zo, ana ta cewa ai Dabo mutumin kirki ne, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Ranar sadakar uku dagaci ya aiko da ƙwaryar dawa. Hure ta dubi wanda ya kawo, ta ce, "Mayar masa. Ka ce na ce ya ci da iyalinsa." Da ta gama takaba ta ɗaure kayanta ta koma wajen danginta a Makoda, ba ta ƙara taka Unguwar Marke ba. Ba su bar ɗa namiji ba, gidan ya zube bayan damina biyu. Lawan ya yi tsawon rai, har Makka ya je a jirgin sama.